Bunsurun Dutse da Sabon Idon Kaka

A sanyin bara Kaka ya zo Riyad domin a cire masa yanar ido. Mahaifin Abba ne, kuma kafin wannan zuwan sau biyu kacal na taɓa ganinsa. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman kaɗai ya rage, shi ma ya kai ga ba ya gane fuskar mutum sai an matso kusa. Ina jin kunyarsa ƙwarai, musamman saboda Hausata. A nan aka haife ni, Larabci nake yi a makaranta, idan na buɗe baki a gabansa sai kalmomi su gudu. Shi ko a jikinsa. Tun ranar da ya sauka gidanmu a Gubaira yake kirana amarya, wai saboda ni ya zo, aikin ido hujja ce kawai.

An yi aikin lafiya. Da ya koma asibiti likita ya nuna masa alamu a bango, ya faɗe su duka, aka ce ido ya yi kyau. Kaka bai gamsu ba. A mota ya ce wa Abba, "Bangon da ke gabana taku goma? Ni ba zan ce ina da ido ba sai ya kamo min abin da ba ya so a gan shi."

Ba mu gane nufinsa ba sai ranar da ya tarar da ni ina aikin makaranta a falo. Littafina na kimiyya a buɗe yake a shafin namun dajin Saudiyya. Ya ɗauka, ya nisanta shi da fuskarsa, ya ɗora yatsa a kan wata dabba mai ƙaho kamar lauje.

"Amarya, wannan fa?"

"Wa'al," na ce. Na yi ta neman Hausarsa. "Bunsuru ne, amma na dutse."

"A ina yake?"

"Nan kudu da mu, a duwatsun Tuwaik."

Ya zauna a kan darduma bai saki littafin ba. A ranar na fara jin cewa a Azbin ya tashi, kafin su dawo Katsina, kuma da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana bin maharba suna farautar ragon dutse. Ya ce rago ne ja mai gashi a wuya har ƙirji, yana tsayawa a jikin dutse ka wuni kana kallon wurin ba ka gan shi ba. Ya ce shi dai ya san ba zai sake taka Azbin ba, ƙafa ta gaji, hanya ma ba ta da kyau.

"To ga ɗan'uwansa a bayan gidanku," ya ce. Ya ɗaga murya. "Injiniya! Zo ka ji."

Haka yake kiran Abba, don ba ya faɗin sunan ɗan fari. Abba ya saurara, sannan ya ce, "Baba, an hana harbinsu fa. Ko iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, sai ta tafi."

"Wa ya yi maka maganar bindiga? Ganinsa zan yi, da idon nan, ba tare da kowa ya nuna min ba. In na gan shi, likitanka ya iya aiki."

Na leƙa kalandar da ke jikin firij. Asabar uku suka rage kafin jirginsa, kuma Asabar ce kaɗai ranar da Abba ke samun sarari daga aikin gininsu na Dir'iyya.

Abba ya nemo izinin shiga wurin, wani abokin aikinsa ya kwatanta masa wani kwari mai ɗan idon ruwa inda dabbobin ke sauka sha. Ni ban ce a tafi da ni ba, ba zan iya ba. Kaka ne ya ce ango ba ya fita ya bar amarya. Na shiga ɗaki na yi ta tsalle a kan katifa ba tare da na yi ƙara ba.

Ranar Juma'a da yamma Umma ta yi abin da take yi duk lokacin da wani zai fita daga gidanta. Ta hura garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta kifa kabbasa, ta shimfiɗa kayanmu a kai ɗaya bayan ɗaya. Rigar Kaka ta fi daɗewa, har da hularsa da rawaninsa, ta kuma ƙara da turaren bakhur mai tsada da take ɓoyewa don manyan baƙi. Da ta kawo masa kayan a ninke, na ga ya shinshina, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Washegari mun makara. Abba ya tsaya sayen dafaffen waken ful da burodin tamis, layi ya yi tsawo, kafin mu isa kwarin rana ta ɗaga sosai. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Duwatsu ne masu launin zuma a tsaye dama da hagu, a yanke kamar da wuƙa, ƙasa kuma tsakuwa da ƙananan itatuwan ƙaya. Muka bar mota muka taka. Kaka ya fito da wani ɗan ƙullin tsumma daga aljihu, ya kaɗa shi da yatsa, toka ta fito kaɗan. Tokar ta tashi ta bi gabanmu, ta nufi saman dutse.

"Kash," ya ce a hankali. "Iska ta juya."

Ya yi min bayani muna tafe. Da sassafe, in ji shi, iska mai sanyi daga sama take gangarowa kamar ruwa, ta kawo maka warin dabba, ta tafi da naka baya. Idan rana ta gasa dutse sai iskar ta juya ta hau, ta kai wa dabba labarinka tun kana nesa.

Bai rufe baki ba muka ji wani fito mai kaifi daga sama, sai tsakuwa ta gangaro. Na ɗaga kai da sauri. Na ga ƙafafu biyu masu zanen fari da baƙi sun shige bayan wani dutse, shi ke nan. Kaka yana ta juya kai, bai ga komai ba.

Muka zauna kusa da idon ruwan har azahar. Ko tsuntsu bai sauka ba.

A hanyar dawowa Abba ya ba da haƙuri kan makara. Kaka ya ce, "Makara rabi ce. Shinshina hannun rigarka." Abba ya shinshina. "Mu uku mun shiga daji kamar gidan biki. Bunsurun da ke bayan wancan dutsen ma ya san mun zo."

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun jiya, Baba?"

"In ce wa surukata ta daina girmama ni? Kai ka faɗa mata."

"Ni?" Abba ya yi dariya yana kallon titi. "Shekara goma sha shida ban taɓa fita ba turare ba. In na ce ta bari, sai ta tambaye ni wa ya koya min."

Babu wanda ya dubi kujerar baya inda nake zaune. Da muka isa gida na jira kowa ya canja kaya, na kwashe su a hankali, na hau rufin gida na shanya su a igiyar da ke bayan tankin ruwa, don iska ta cinye ƙamshin. Kwana biyu babu wanda ya lura. A na uku na hau in juya su, sai na ji muryar Umma a bayana.

"Ke! Rigar Baba ce nake ta nema a nan? Me take yi a rana kamar ta maraya?"

Na sunkuyar da kai. Da Larabci na fara, ta ce in yi mata Hausa. Na haɗa kalmomin da ƙyar, na gaya mata zancen iska da fito da ƙafafun da na gani.

"Wato turarena ne ya kore su."

"Sun ji shi daga nesa, Umma. Yana da ƙarfi."

"Ai dole ya yi ƙarfi, daga Maiduguri aka kawo min shi." Ta riƙe ƙugu. "Yanzu so kike baƙona ya fita daga gidana babu ƙamshi? Me mutane za su ce?"

"Babu mutane a can, Umma. Awaki ne kawai."

Ta dube ni, ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ta zauna a kan bulo tana share hawaye. Sannan ta tambaye ni ko Kaka ne ya aiko ni. Na ce a'a, shi cewa ya yi ba zai iya faɗa miki ba. Ta dubi kayan da ke kan igiya. "Bar su a nan," ta ce. "Kuma ki ɗauko safarsa ma, ita ma na turara ta."

Ranar Laraba hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko da ƙarfi, aka rufe makarantu muka koma karatu ta kwamfuta, titin gidanmu ya zama ƙorama. Har Juma'a ana yi ana ɗaukewa. Saƙo ya yi ta shigowa wayar Abba ana gargaɗin kada kowa ya kusanci kwari saboda ambaliya. Asabar ta biyu ta wuce muna gida. Na tsaya a taga ina kallon ruwan, na ji kamar in yi kuka.

Kaka ya zo ya tsaya kusa da ni da kofin shayinsa. "Amarya, fushi kike da ruwan Allah?"

"Saura ɗaya," na ce.

"Na sani. Kuma idon ruwan nan ya tashi daga aiki. Yanzu kowane rami a kan dutse cike yake, babu wanda zai sauko sha." Ya kurɓi shayi. "Amma ruwan ya shafe tsoffin sawu. Duk sawun da muka gani, sabo ne. Ƙasa ta yi laushi, ba za ta yi ƙara a ƙafarmu ba. Kayanmu kuma da kika shanya, ai sun sha wankin da ba a biya ba."

Ashe ya sani. Na rufe fuska da mayafi, shi kuwa yana ta dariya.

Mako na ƙarshe ban san abin da aka koyar a aji ba. Kullum idona yana taga. Ranar Alhamis gajimare ya watse, sai wata iska ta taso daga arewa mai shiga ƙashi. Ranar Juma'a bayan la'asar tana kaɗa tagogi, ledoji na yawo a sama. Abba ya shigo da waya a hannu.

"Baba, gobe digiri uku aka ce, ga iska. Likita ya hana ƙura shiga idon nan. Ka ga Litinin za ka hau jirgi. Mu haƙura."

"Wace ƙura bayan ruwan kwana uku? Zo mu hau sama."

Muka hau rufi mu uku. Kaka ya nuna sama da haɓa. "Ka ga gajimare ko ɗaya? Iskar da ta share sama haka ta gama aikinta, kafin asuba za ta kwanta. Sanyin kuwa shi muke nema. Dabbar da ta kwana cikin sanyi, abin da za ta fara nema rana ce. Ba sai mun bi dutse duka ba, fuskar da ke kallon gabas kawai za mu tsare."

"Wayar ta ce iska har gobe da rana."

"Wayarka ta taɓa kwana a dutse?"

Abba ya buɗe baki zai sake magana, sai ga Umma ta hauro da wata babbar leda. Farwa ce sabuwa, rigar sanyin nan mai gashin tumaki a ciki. Ta ajiye ta a gaban Kaka, ta durƙusa.

"Baba, ban buɗe ba. Hannuna ma akwai turare." Ta juya wajen Abba. "Kai kuma gobe ruwa zalla za ka yi wanka da shi. Na ɓoye kwalabenka."

Abba ya mayar da wayarsa aljihu.

Mun yi sallar asuba a wani masallacin gidan mai a hanya. Da na fito na dubi tutar da ke bakin titi, tana rataye ko motsi ba ta yi. Na ja hannun farwar Kaka na nuna masa. Ya ɗaga min gira.

Gari yana wayewa muka shiga kwarin. Sanyin ya sa haƙorana suna haɗuwa, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Kaka ya kaɗa tsummansa. Tokar ta dawo ta zauna a ƙirjin farwarsa.

"Madalla," ya raɗa. "Tana fuskarmu."

Muka taka a hankali, shi a gaba, ni a tsakiya, Abba a baya da madubin hangen nesa. Ni na saba kallon ƙasa idan ina tafiya, Umma kullum tana min faɗa a kai. A ranar ya yi amfani. A cikin wani laka na ga sawu mai tsage biyu, gefensa a tsaye tsaf, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Na taɓa bayan Kaka. Ya tsuguna, ya sa yatsu uku a cikin sawun.

"Namiji ne, babba. Yau ya taka nan."

Gaba kaɗan na ga reshen ƙaya da aka gutsure wa ganye, wurin har yanzu kore ne shar. Na ga ƙananan kashi baƙaƙe masu sheƙi. Duk abin da na nuna sai Kaka ya gyaɗa kai, ni kuma sai in ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ya zaɓa mana wani dutse mai kamar tanderu muka fake a bayansa. A gabanmu akwai wata doguwar fuskar dutse, duk a inuwa, sai can ƙololuwa da rana ta fara shafa wa ja. Kaka ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Idan kin riga ni ganinsa, kada ki nuna min. Kada ki kalle shi da yawa ma, zan bi idonki. Kin yi alkawari?"

Na gyaɗa kai.

Hasken ya riƙa saukowa a hankali, taki bayan taki. Yatsun ƙafata suka daskare. Can a tsakiyar dutsen, inda rana ta iso wani ɗan dandamali, na ga wani abu ya motsa. Kunne ne. Da na gane kunnen sai sauran jikin ya fito daga dutsen gaba ɗaya. Akuya ce da ɗanta. Sama da su kaɗan, a kwance, ga bunsurun nan. Launinsa ɗaya da dutsen. Ƙahoninsa sun lanƙwasa har sun kusa taɓa bayansa, yana lumshe ido a rana yana tuƙa.

Ihu ya taho har maƙogwarona. Na cusa gefen mayafi a baki na cije. Na sauke idona kan takalmina kamar yadda na yi alkawari.

Kaka yana bin dutsen da ido daga hagu zuwa dama, layi layi. Ya wuce wurin. Ya dawo, ya sake wucewa. Idon ya kawo ruwa saboda sanyi, ya goge da bayan hannu. Abba ya miƙa masa madubi, ya ture ba tare da ya juyo ba. Rana ta sauko har ta taɓa dutsen da muke fake, na fara jin ɗuminta a kumatuna, kuma na san ma'anar wannan ɗumin: iska ta kusa juyawa.

Kaka ya kaɗa tsumma. Tokar ta zubo ƙasa a miƙe, ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba.

Yatsana ya ɗago da kansa. Ɗan nuni kaɗan ya isa, daƙiƙa ɗaya. Jibi warhaka yana cikin jirgi. Na dubi fuskarsa, ya haɗe gira, leɓensa yana motsi. Na mayar da hannuna ƙarƙashin cinyata na zauna a kai.

Sai na ji numfashinsa ya tsaya.

"Kai," ya ce a hankali, kamar yana gaida wani tsohon aboki. "Kai, ɗan nema. Ashe nan kake." Bai ɗauke ido ba. "Amarya, sama da tsagar nan mai kamar ƙofa. A kwance. Gemunsa baƙi. Ƙahon hagu ya karye a baki."

Na fizge madubin daga hannun Abba, abin da ban taɓa yi ba. Na daidaita shi. Ƙahon dama ya ƙare da tsini. Na hagu ya gutsure, bakinsa fari.

"Ya karye!" na ce. "Kaka, wallahi ya karye!"

"Ina? Ina yake?" Abba yana ta raɗa. "Ku nuna min mana!"

"Nemo abinka, Injiniya," in ji Kaka.

Na ji iska ta taɓa ƙeyata. Bunsurun ya daina tuƙa. Ya ɗaga hanci, ya miƙe tsaye, a lokacin Abba ya gan shi har ya saki salati. Fito ɗaya bunsurun ya yi. Akuyar da ɗanta suka yi sama, wasu biyu da ban ma lura da su ba suka fito daga wata tsaga suka bi su. Shi ya tsaya a baya, ya dube mu, sannan ya hau dutsen da yake a tsaye kamar bango, tsalle huɗu ko biyar, ya tsaya a ƙololuwa ƙahoninsa a jikin shuɗin sama. Daga nan ya juya.

Kaka ya daɗe a zaune. Hawaye yana zuba daga idon, ya ce sanyi ne. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Na yi ta ba su labarin abin da su ma suka gani, Hausa da Larabci a cakuɗe, yadda na fara ganin kunne, yadda na zauna a kan hannuna. Abba yana kallona kamar an canja masa 'ya.

A hanyar komawa mota Kaka ya ƙi riƙe hannun kowa. Yana tafe yana ɗaga kai, yana faɗin duk abin da ya hango. Ga wani kogo can. Ga itace ya fito a tsagar dutse. Ya tsaya ya nuna wani tsauni mai nisa da sandarsa.

"Hankaka biyu a kan wancan."

Abba ya ɗaga madubi ya duba. "Ɗaya ne, Baba."

"Biyu."

Muka tsaya muna jira cikin rana. Hankakan ya tashi. Sai na biyun ya taso daga bayansa.